Mikin da Ya Yi Fure a Hasumiyar Landan

Jama'a, ku yi haƙuri da surutuna, abin da na gano a Landan ya ƙi zama a cikina. Tun da na dawo Katsina babu majalisar da ban baza labarin nan ba, har abokaina na Ƙofar Ƙaura suka laƙaba mini Malam Fure. Na karɓi sunan hannu bibbiyu.

A Hasumiyar Landan abin ya faru, tsohuwar fadar nan ta bakin kogin Tems. Daga watan Mayu zuwa 11 ga Nuwamban 2025 aka baje jajayen furannin tangaran kusan 30,000, don cikar shekara 80 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. Gwanin da ya tsara aikin, Tom Piper, ya sa furannin sun kwararo daga jikin Farar Hasumiya da ke cikin fadar, sun malale a kan ciyawa, sai ka ce ɗanyen miki a ƙirjin fadar da bama-baman Jamus suka taɓa illatawa. Wallahi ina hango su tsigar jikina ta tashi. Ga bango fari tas, ga ja yana zuba. Kai, wannan mutum ya iya!

Na durƙusa na ƙura wa guda ɗaya ido. Da hannu aka gina kowanne, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya: wani leɓensa ya ɗan karkace, wani ruwan saman safiya ya kwanta a cikinsa yana rawa. A gefena ga wani dattijo a keken guragu, lambobin yabo reras a ƙirji, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke da fil. Bai ce uffan ba. Ni ma bakina ya mutu.

Furannin nan suna da tarihi. A 2014 maginin yumɓu Paul Cummins da mutanensa suka gina 888,246, aka dasa su a gwalalon da ya kewaye fadar, kowanne a madadin soja guda na Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka da ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ashe har da namu a lissafin, waɗanda suka faɗi a Kamaru da Gabashin Afirka. Daga baya aka sayar da akasarin furannin fam 25 kowanne, ƙungiyoyi shida masu tallafa wa sojoji da iyalansu suka amfana. Shi kansa Cummins sai da inji ya cinye masa yatsa a kan aikin. Maginin ma bai fita lafiya ba!

A nan kakana ya faɗo mini a rai. Yana cikin samarin Arewa da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa. Ya dawo yana ɗingishi, mu kuwa muna yara muna kwaikwayon tafiyarsa a soro muna dariya. Sai a gaban furannin nan na ji kunyar abin, hawaye suka zubo.

Mu a Najeriya, kowace 15 ga Janairu muna ranar 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru, kafin azahar kowa ya watse. To garin Janar Hassan Usman Katsina ya rasa yumɓu ne ko magina? A ba matan da ke gina mana tulu da randa aikin nan, a shimfiɗa jan fure daga Ƙofar Soro ya gangara fili, a zaunar da sojojin da suka baro ƙafa ko ido a dajin Sambisa da Rugu a sahun gaba. Ranar da aka fara, ni zan kwaɓa yumɓun farko, da sunan kakana.