Gwanayen Karatun Ƙasa a Mbamba

Tsakanin fadamun Binuwai da gindin duwatsun Vere, inda Mbamba take a gefen Yola, akwai dattawan makiyaya da manoma da suka san ƙasarsu ciki da bai. Ba a aji suka koya ba. Ƙafa ce ta koya musu, shekara bi shekara, suna bin labi da hanyar gona.

Bi ɗayansu da sassafe ka sha mamaki. Zai duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza. In baƙar laka ce mai danƙo, wadda ke tsattsagewa da rani har yatsa ya shiga, ya san ta riƙe damshi, wurin dashen masakwa ne bayan ruwa ya janye. In ƙarangiya ta maƙale masa a wando, ya san ya shigo jigawa. Giginya da ɓaure suna shaida masa ruwa na kusa. Gawo kuwa abokin rani ne, domin sai damina ta wuce yake fid da ganye, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙone. Da ya hango shamuwa ta dawo, sai ya fara gyaran gona. Ko kashin shanu ya gani a hanya, yakan iya cewa garken jiya ya wuce ko yau da asuba.

Sirrin gwanintar shi ne maimaici. Wuri guda ake bi da damina, a bi da kaka, a sake bi da hunturu da bazara, har ido ya saba gane abin da ya sauya. Mai sauri a kan babur ba ya samun wannan.

Abin da ya rage shi ne alƙalami. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Yola a 1851, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa ta, kuma har yau ana karanta abin da ya rubuta game da Binuwai. Namu gwanayen sun fi shi sanin wurin nesa ba kusa ba, amma iliminsu a ka yake. Ga shi ƙasar tana sauyawa: yashi ya cike Tafkin Njuwa, ambaliyar 2012 da ta 2022 sun shafe gonaki, gine-gine na cinye burtali.

Don haka matasan Yola da Jimeta su ɗauki littafi su bi waɗannan dattawa. A rubuta rana, a rubuta sunan wuri yadda mutanensa ke kiransa, da Fulatanci ko da Hausa, a rubuta itacen da aka gani da abin da dattijo ya faɗa a kansa. Wanda ya yi haka shekara guda ya ajiye wa jikokinsa tarihin ƙasarsu.