Kifin da Ya Sha Maganin Fargaba: Abin da Kyamara Ba Ta Gani Ba

Idan kana bibiyar labaran kimiyya, wataƙila ka taɓa jin wannan: magungunan da mutane ke sha suna bin fitsari su shiga kogi, su mayar da kifaye marasa tsoro. Tushen labarin wani bincike ne da Tomas Brodin da abokan aikinsa na Jami'ar Umea a ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Science a 2013. Aikin na da kyau, sai dai yadda ake yayata shi ya wuce abin da aka auna.

Ga abin da suka yi. Sun ajiye ƙananan kifaye na nau'in da Turawa ke kira perch tsawon kwana 7 a ruwa mai oksazifam, wani maganin rage fargaba. Sun gwada kowane kifi kafin a sa maganin da kuma bayan an sa: yawan iyonsa, yadda yake raɓar 'yan'uwansa, da ko zai yi ƙarfin halin shiga wurin da bai sani ba. Wannan tsari ya burge ni, domin kifi ma kowa da halinsa. Wani rawar kai gare shi tun asali, wani kuma sanyi ƙalau. Idan ka kwatanta kifi da kansa, ka rage wannan ruɗani.

To ina matsalar? Duba adadin maganin. A Kogin Firis da ke Uppsala sun samu maikurogiram 0.58 a lita ɗaya. A tanki kuwa sun yi amfani da 1.8 da kuma 910. A 1.8, wato kusan ninki uku na kogin, kifayen sun ƙara iyo, sun rage bin garke, sun fi saurin cin abinci. Amma rashin tsoron nan da ya fi jan hankalin jaridu, a 910 ya fito fili, adadin da ya haura na kogin sau fiye da 1,500. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba. A hanyar ba da labari ne ya salwanta.

Abu na biyu ya fi damuna. Kyamara motsi take ƙirgawa, ba ta san dalilinsa ba. Kifi na iya ƙara iyo don ya saki jiki, ko don yunwa, ko don ruwan ya ɗan yi ɗumi. Duk wanda ya taɓa tsaron tanki ya san inuwar mutum kaɗai kan sa kifi ya daskare ko ya zabura. Sannan tanki ba kogi ba ne: babu ciyayi, babu igiyar ruwa, babu mai farauta.

Hasashen da aka yi shi ne kifin da ya bar garke zai fi faɗawa bakin babban kifi. Magana ce mai ma'ana, amma hasashe ce. Da masu bincike na wannan jami'a suka gwada a kududdufai, rahoton da suka fitar a 2018 bai nuna maganin ya ƙara mutuwar kifayen ko girmansu ba.

Kada ka ɗauka ina cewa maganin ba ya komai. Yana taruwa a tsokar kifi, kuma yana sauya masa hali, wannan an gani. Amma in ka ga hoton layin da kwamfuta ta zana na zirga-zirgar kifi, nemi adadin da aka zuba a ruwan, ka kwatanta shi da na kogi, sannan ka duba ko an taɓa fitar da gwajin daga ɗakin bincike.