Zaren tsamiya, sarkin zaren aikin riga

Jama'a, a bar ni in yabi abin yabo. A cikin duk zaren da ake yi wa babbar riga aiki da shi, ban ga wanda ya kama ƙafar zaren tsamiya ba. Ku shiga kasuwar Magariya ko ta Dungas, za ku tarar da zare kala-kala mai ƙyalli, na aikin keke da na kwamfuta, yana ɗaukar ido tun daga nesa. Ba na raina shi, don shi ke rufa wa talaka asiri ranar Salla. Amma ranar da ka ga rigar saƙi da aka yi wa aikin hannu da tsamiya ta gaskiya, a jikin dattijo, wurin ɗaurin aure ko hawan Salla, ranar za ka yarda ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ga wanda bai sani ba, tsamiya silikin daji ce, kuma tamu ce ta gida. Wasu tsutsotsi ne masu cin ganyen itatuwa irin su tsamiya da doka. Kafin su rikiɗe su yi fiffike, sai su taru da yawa su saƙa gida ɗaya su shige ciki. Tsutsar silikin ƙasar Sin, wadda ake kiwo, kowace ita kaɗai take saƙa gidanta, a warware shi a samu zare ɗaya dogo. Tamu ba ta warwaruwa haka. Sai an dafa gidan a ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a yayyage shi da hannu, sannan mata su kaɗe shi da mazari yadda ake kaɗin auduga. Shi ya sa zaren ba ya fita sumul. Nan ya ɗan yi kauri, can ya ɗan sirance, launinsa tsakanin fari da ƙasa-ƙasa, ba tare da ya shiga marina ba. Wallahi wannan rashin daidaiton shi ne ya sace mini zuciya, don hannun mutum kake gani a kowane taƙi.

Nawa zaren wani ɗan kasuwa ne da ke bin hanyar Tinkim da Ɓaɓura zuwa Kano ya samo mini, na kai wa wani dattijo mai aikin hannu. Da farko malami mai zane ya fitar da aska takwas da tawada a kan ƙyallen, sannan allura ta hau aiki. Kai, zo ka ga aljihun rigar nan! Asakun sun sauko daga cin wuya a jere, bakin kowace a tsine, ba wadda ta karkace. Ƙasansu an cike fili da ƙananan huji, kowane an zagaye shi da ɗinki, dab da dab har ba ka ganin ƙyallen da ke ƙasa. Ga tambari a dama, ga wani a baya. Idan ka ɗora tafin hannu sai ka ji aikin ya taso, yana da nauyi, yana da ɗan kaushi mai daɗi. Da aka kai ta wurin masu bugu aka kwantar da shi, sai wani sheƙi ya fito, ba mai kashe ido ba, irin wanda sai an matso ake gani. A kan shuɗin saƙi, launin tsamiya tashi yake yi tsaye.

Kuma wannan ƙauna ba yau aka fara ta ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ɗaruruwan kayan raƙuma na siliki rinanne suna zuwa daga Tarabulus kowace shekara. Wannan shi ne alharini, mai launin ja garura, wanda ake yi wa riga shafi da shi, a saƙa barage da shi. A wancan zamani ayarin ta Abzin yake saukowa, ya yada zango a Damagaram, kuma a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, birnin Zinder ya ci moriyar wannan fatauci ƙwarai. To, duk da alharinin da ya ƙetaro Sahara, sarakuna da malamai ba su yar da tsamiya ba. Haɗa su ake yi, tsamiya a ƙirji, alharini a shafi. Ko Yarabawa, cikin manyan saƙarsu guda uku, akwai sanyan, wadda da irin wannan silikin dajin ake yin ta.

Idan kana son kwalliyar ta cika, ɗora mata jar dara. Ita darar daga Tunis take zuwa. Da gashin tumaki ake saƙa ta, a yi ta murza ta da ruwan zafi da sabulu har gashin ya cuɗe ya zama abu guda, sannan a rina. Dara a kai, tsamiya a ƙirji, ai magana ta ƙare.

Sai dai mai saye ya buɗe ido, don akwai auduga da ake rinawa ta yi kalar tsamiya, akwai kuma zaren kamfani da ake laƙaba wa sunan siliki. Gwajin ba wuya. Ka tsinko ɗan sili ka sa masa ashana. Tsamiya ta gaskiya ƙaurin gashi take yi, wutar ta mutu da kanta, ta bar baƙar toka mai murƙushewa a yatsa. Auduga ƙaurin takarda take yi ta ci gaba da ci. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule da tauri. Wurin wanki kuma, ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, ban da maganin cire tabo, ban da matsewa da ƙarfi, a shanya a inuwa.

Tana da tsada, wannan gaskiya ne. Samunta ma sai an sa cigiya, don doka itacen dazukan kudu ne, irin na ƙasar Zazzau da Bauchi, ga masu kaɗin sun tsufa, ƴan mata ba su ɗauki mazari ba. Aikin kuma watanni yake ci, mai gaggawa ba zai iya ba. Amma zaren yana da ƙarƙo na ban mamaki. Sau da yawa ƙyallen riga ne ke fara gajiya, aikin yana nan daram, har ɗa ya gada daga uba.

Don haka shawarata ga matasan Magariya da Dungas, masu shirin angwanci da masu neman rigar fita kunya: ku tara kuɗin riguna uku na aikin kwamfuta ku yi guda ta tsamiya. Ku biya mai kaɗi da mai allura haƙƙinsu ba tare da ja-in-ja ba, don da cinikinku ne sana'ar za ta samu magada. Ni dai na riga na ba da saƙon zaren riga ta gaba, wannan karon malum-malum nake so.