Kura da Shan Bugu: Robert Blackburn da Zanen Dutse

Duk mai bin tarihin zanen bugawa na Amurka a tsakiyar ƙarni na 20 zai sha jin sunan Jasper Johns da Robert Rauschenberg. Ba kasafai ake ambaton Robert Blackburn ba, baƙar fata ɗan asalin Jamaika da ya tashi a unguwar Harlem, alhali ayyukansu na farko a kan dutse ta hannunsa suka bi.

Sai an san aikin ake gane girman wannan rashin adalci. Mai zane kan yi zanensa da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse. Mabugi ne ke jiƙa dutsen, ya shafa tawada. Tun da ruwa da mai ba sa shiri, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda maiƙon yake. Ruwa ya yi yawa, zane ya dushe. Ya yi kaɗan, ya dagule. Kenan rabin kyan hoton a tafin mabugi yake.

Daga 1957 zuwa 1963 Blackburn ne babban mabugi a ɗakin bugun ULAE na Tatyana Grosman, inda manyan masu fenti suka zo suna 'yan koyo a harkar dutse. A 1963 dutsen Rauschenberg ya tsage ana cikin aiki, ya ce a buga a hakan. Hoton, mai suna Accident, ya ci babbar kyauta a Ljubljana. Basirar karɓar tsagewar tasa ce, ba musu. Amma fitar da kwafi bayan kwafi daga fasasshen dutse gwanintar mabugi ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin takaici, shi ma mai zane ne. Hotonsa Girl in Red na 1950 ya nuna idon da ya san yadda launi ke hawa kan launi ba tare da ya kashe na ƙasa ba. Sai dai ɗawainiyar ɗakin bugunsa na New York, mai buɗe ƙofa ga kowa, ta cinye masa lokaci.

Cibiyar Tamarind da June Wayne ta kafa a 1960 ta rage zafi, inda mabugi ke danna hatiminsa a gefen takarda. In ka ga irin wannan hoto, kada idonka ya tsaya a sa hannun mai zane. Nemi ɗan hatimin nan.