Gwanin da Ba Ya Jiran Inji Ya Lalace

A masana'antar haɗa magunguna, shugaban injiniyoyin gyara da jadawali yake aiki: kowane inji da ranar dubansa, kowane ma'auni da ranar gwada shi.

Ɗauki injin buga ƙwaya. Garin magani kan zuba cikin ƙananan ramuka, sai ƙarafa biyu, na sama da na ƙasa, su matse shi ya zama ƙwaya. Kafin a taɓa injin, sai an kashe wuta, an garƙame makunnin da kwaɗo, mai gyaran ya jefa makullin a aljihunsa, don kada wani ya kunna alhali hannu na ciki. Daga nan a zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, a goge, a duba bakinsu da madubin ƙara girma, domin 'yar tsaga ta isa ta zuba ɓurɓushin ƙarfe cikin magani. Giris ma ba kowanne ake shafawa ba, sai irin wanda aka amince da shi a injinan abinci. Sufana da sukudireba kuwa, da ƙirga suke shiga, da ƙirga suke fita.

Iskar ɗakin aiki ma a wuyan shugaban take. Tana bi ta matatar da ake kira HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 0.3. Silin gashin mutum ya ninka wannan kauri fiye da sau ɗari. Ana kuma sa ƙarfin iskar ɗaki mai tsabta ya ɗara na maƙwabcinsa, ta yadda in an buɗe ƙofa, iska waje za ta yi, ƙura ba ta samun hanyar shiga. A ƙasar da ake hunturu, ido ba ya barin ma'aunin ƙarfin iskar.

Ruwan haɗa allura kuma ba a barinsa ya kwanta. Yana ta kewaya cikin bututun ƙarfe marar tsatsa, da zafin da ya haura digiri 70, don ƙwayoyin cuta su rasa wurin zama.

Shugabancin yana bayyana ne a ranar da ake sauri. Masu haɗa magani suna son inji ya ci gaba da juyawa, shi kuwa ya ce lokacin dubawa ya yi, a tsaya. Malalaci kan ɗaure da waya ya ce ai yana tafiya. Gwani sai ya bi diddigin abin da ya jawo matsalar, ya koya wa yaransa, kuma ba ya canza ko bawul ɗaya da wani iri sai sashen tabbatar da inganci ya amince. Kowane aiki sai an rubuta shi da kwanan wata da sa hannu, domin masu binciken NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna da aka kafa a 1993, rajista suke fara buɗewa. A wannan sana'a, aikin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.