Hannun da Ke Kusa da Sanda

A tasha, yaron mota kan yi shekara da shekaru yana bin ubangidansa kafin a ba shi sitiyari, balle a ce ya koya wa wani. A harkar jirgi mai saukar ungulu, musamman a Amurka, abin ya sha bamban. Matuƙin da ya gama makaranta da awa 200 kacal a sama, kamfanonin da ke jigilar ma'aikatan mai ko marasa lafiya ba sa kallonsa sai ya tara awa dubu ko fiye. To ina zai samo su? A kujerar malami. Shi ya sa sau da yawa wanda bai daɗe da fitowa daga ɗalibta ba, shi ake damƙa wa wanda bai taɓa riƙe sandar tuƙi ba. Akwai masu sukar wannan tsari, kuma suna da hujja. Ni kuwa abin da ke burge ni shi ne irin gwanintar da tsarin ke tilasta wa matashi ya ƙware a kai cikin ƙanƙanin lokaci.

Jirgin da aka fi koyo da shi shi ne Robinson R22, ɗan ƙarami mai kujera biyu, wanda Frank Robinson ya ƙera a Kalifoniya, ya shiga kasuwa a 1979. Nauyinsa ba kowa a ciki bai wuce kilo 400 da 'yan kai ba. Farfelarsa ba nauyi, don haka idan inji ya mutu, saurin juyawarta kan zube nan da nan. Matuƙi na da abin da bai kai daƙiƙa biyu ba ya sauke libar hawa da sauka da ke hagunsa. Bayan haɗurra da dama, a 1995 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta kafa wa wannan jirgi doka tasa ta musamman: ba mai koyarwa da shi sai yana da awa 200 a jirgi mai saukar ungulu, 50 daga ciki a R22 ɗin kansa.

Ranar farko sabon malami zai tarar an canza masa wuri. Duk karatunsa a kujerar dama ya yi shi, yanzu ta ɗalibi ce, shi ya koma hagu. Ƙasa ta canza kama a idonsa, ga shi kuma sai ya riƙa magana yana tuƙi, yana fassara da baki abin da hannunsa ya saba yi shiru.

Amma inda ake gane malami shi ne wajen koyar da tsayuwa cak a iska, mita ɗaya daga ƙasa. Hannun dama na kan sandar da ke karkata jirgi gaba, baya ko gefe. Hagu na kan libar hawa da sauka, totur na jikinta. Ƙafafu na kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana jirgin juyawa kamar katantanwa. Taɓa ɗaya, sauran duk sai sun nemi gyara. Malami kan ba ɗalibi feda kaɗai, sannan liba, sanda a ƙarshe. Da ɗalibi ya karɓi sandar, jirgi ya ɗan zame hagu, sai ya fizgo dama da ƙarfi, gyaran ya makara kuma ya yi yawa, jirgi ya shiga lilo, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Malam yana ta cewa, "Sassauta hannu. Daina kallon ciyawar gabanka, dubi bishiyar can nesa." Yarinyar da ke ɗauke da tulu cike a ka ba ta lissafin yadda wuyanta ke gyara shi, kuma ba wanda ya koya mata da bayani. Haka tsayuwar nan take, sai jiki ya gane da kansa.

Duk wannan lokaci hannun malam na nan dab da sanda, bai taɓa ba. Wannan tazarar ta yatsa ɗaya ita ce sana'ar. In ya yi saurin karɓa, ɗalibi ba zai taɓa jin inda kuskurensa ke kai shi ba, zai kuma fara raina kansa. In ya yi jinkiri, ƙafar jirgi ta kama ƙasa yana zamewa gefe, sai ya kife nan take. Tsakanin biyun akwai wani ɗan lokaci da ba a rubuta shi a littafi, kuma yana canzawa daga ɗalibi zuwa ɗalibi, daga safiya mai sanyi zuwa azahar mai iska. Sabon malami yakan fara da yawan karɓa, don tsoro, kuma ban ga laifinsa ba. A hankali yake koyon haƙuri. Ko miƙa jirgin ma da ƙa'ida ake yi, sau uku ake faɗa: "Jirgi a hannunka." "Na karɓa." "Jirgi a hannunka." Ba a yarda a sami daƙiƙa ɗaya da kowa ke zaton ɗayan ne ke tuƙi ba.

Sai darasin sauka ba inji. Malam da kansa zai rage totur a sama, ɗalibi ya sauke liba, iskar da ke bugowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela, kamar fankar da iskar taga ke kaɗawa bayan an ɗauke wuta. Dab da ƙasa a ɗaga hancin jirgi a karya gudu. A wuni ɗaya malami na iya maimaita wannan sau da yawa, kuma kowane karo sai ya ɗauka wannan ne ɗalibin zai daskare.

Bayan aƙalla awa 20 tare, rana takan zo da malam zai ce a ajiye jirgi a kan ciyawa, ya kwance bel. Zai tuna wa ɗalibi cewa ba nauyinsa a hagu yanzu, jirgi zai tashi da sauri kuma zamansa a iska zai bambanta, don haka ya ɗaga a hankali. Sai ya fita, ya rufe ƙofa, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin farfela, ya tsaya can gefe da 'yar rediyo a hannu, yana kallon ƙafafun jirgin suna rabuwa da ƙasa.