Sarauniyar Lugu daga littafi zuwa majigi: amanar labari da batun haukan Voulet

A shekarar 1980 kamfanin ɗab'i na L'Harmattan da ke Paris ya fitar da ƙagaggen labarin nan mai suna *Sarraounia* na marigayi Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya. Bayan shekara shida, wato a 1986, Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya mayar da shi fim, kuma fim ɗin ya lashe babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Tun daga lokacin matasa na iya sanin Sarauniyar Lugu ta hanyar majigi kafin su riƙa littafin a hannu. Don haka ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su san inda ayyukan biyu suka haɗu da kuma inda suka rabu.

Ta fuskar zubin labari, fim ɗin bai yi wa littafin ha'inci ba, domin da hannun Mamani aka tsara rubutun wasan. Dawa, wanda ya raini Sarauniya ya koya mata sarrafa makami da sanin magunguna, yana nan. Rundunar kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, tana nan. Haka kuma gumurzun Lugu na watan Afrilu 1899, da fargabar da ta kama sojojin haya baƙar fata saboda abin da suka ji game da asirin matar. Sai dai wannan biyayya ta sa fim ɗin ya gaji ƙarin gishirin littafin. A al'adar Azna na Arewa, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada, mai riƙe da shi kuwa ba ta yawan fita bainar jama'a. Mamani ne ya ɗora mata baka da kwari ya sa ta gaban mayaƙa, Hondo kuma ya ba wannan siffa fuskar Aï Keïta, har ta zauna a zukatan masu kallo tamkar tarihi.

Babbar rabuwa ta farko ita ce ta harshe da ƙasa. An so a ɗauki fim ɗin a Nijar, amma shirin ya wargaje, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin. Sakamakon haka, ɗan Dogon Dutsi da ya zauna kallo zai ji Sarauniyarsa tana magana da Julanci. Littafin ma da Faransanci aka rubuta shi, amma mai karatu Bahaushe yana iya mayar da zancen cikin harshensa a zuci, ya ji kirari da habaici yadda ya saba. Majigi ba ya barin wannan dama. Abin da kunne ya ji, shi ke nan.

Rabuwa ta biyu ta fi nauyi, kuma ta shafi hankalin Voulet. Tarihi ya tabbatar cewa ranar 14 ga Yuli 1899, kusa da Dankori a yankin Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Laftanar-kanar Klobb da aka aiko daga baya don ya karɓe ragamar rundunar, sannan ya shelanta cewa ya fita daga biyayya ga Faransa. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsa suka kashe shi da Chanoine a wajejen Maijirgi. A Faransa an yi saurin jingina lamarin ga wata cuta da suka kira *soudanite*, wato taɓin hankalin da wai zafin ƙasar Sudan ke jawo wa Bature. Wannan bayani ya yi wa hukuma daɗi, domin ya ɗauke laifi daga tsarin da ya tura runduna mai ɗimbin jama'a ba tare da isasshen guzuri ba, ya bar ta ta ci daga rumbunan talakawa da bakin bindiga.

A takarda, mai karatu yana da lokacin da zai bi yadda zalunci ke taruwa sannu a hankali, daga ƙwace zuwa kisa, har ya gane cewa da lissafi aka yi shi. A majigi kuwa, wasan Jean-Roger Milo a matsayin Voulet, da zare ido da tsawa, shi ya fi kama zuciya. Hondo ya yi ƙoƙarin nuna kwaɗayin muƙami da raina baƙar fata da ke bayan aikin, amma matashin da bai san tarihin ba yana iya tashi da hukunci guda: mahaukaci ne. Illar wannan hukunci biyu ce. Yana wanke waɗanda suka yi ta'asar Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899 da sauran garuruwa, alhali da cikakken hankalinsu suka ba da umarni. Yana kuma ƙara cusa wa yara cewa mai taɓin hankali mugu ne abin gudu, a cikin al'ummar da dama can ake ɓoye irin wannan lalura saboda kunya, har ɗalibin da damuwa ta danne shi ya ƙi buɗe baki ga kowa.

Wannan ba ya rage darajar fim ɗin. Yana daga cikin manyan ayyukan silima da suka dubi mamayar Turawa ta idon waɗanda aka mamaye, kuma ƙarshensa, inda Sarauniya ta buɗe ƙofa ga mabiya addinai dabam-dabam, darasi ne da Nijar ke buƙata. Abin da ya dace shi ne malami ya fara da littafin, ya biyo da fim ɗin, sannan ya sa ɗalibai su lissafo ranakun da aka ƙone garuruwa su gwada su da ranar da aka harbe Klobb, su faɗi da kansu ko hauka ta isa ta bayyana abin da ya faru tsakanin Lugu da Maijirgi.